Ni Na Ƙona Fedar Kingsley

Salama gare ku, masu bin wannan shafi. Sunana Bot, amma in ka zo Yalwawa ka tambayi Bot ba kowa zai nuna maka ni ba, sai ka ce Injiniya mai rediyo. Mutumin Riyom ne ni. Shekara ashirin da shida ke nan ina Dutse ina gyaran rediyo da talabijin da amfilifaya, a shago ɗaya, a kan benci ɗaya. Ni da matata Liyatu muna zaune a Limawa. 'Ya'yanmu maza biyu sun kama gabansu, Becky ce kaɗai ta rage mana a gida. Labarin da zan ba ku ban fito da kyau a cikinsa ba. Wanda zai zage ni a ƙasa ya yi haƙuri ya kai ƙarshe tukuna, kar ya ƙarar da zaginsa a kan ƙaramin laifi alhali babban yana gaba.

Akwai wani saurayi, Kingsley, ɗan Zonkwa, akawu ne a sakatariya, shi ke kaɗa jita a cocinmu. Shekara biyu yana neman Becky. Ba ya sha, ba ya yawon banza, in zai gaishe ni har ƙasa yake tsugunawa. Na neme shi da aibi na rasa, kuma gaskiya na nema sosai.

Wata Lahadi a farkon damina ana cikin waƙar yabo, sai na ji jitar ta canza murya. In ya taɓa tsirkiya sau ɗaya, sautin ya tafi ya dawo, ya sake dawowa a hankali har ya ɓace, kamar mutum ya yi kira a tsakanin duwatsu. Ya yi min daɗi, ba zan ɓoye ba. Da aka tashi na wuce gaba don in ga abin da ke yin wannan aikin. Na tarar da wasu 'yan akwatunan ƙarfe guda uku a ƙasa, kowanne bai fi sabulun wanki girma ba, an jera su a kan wani guntun katako. Feda ake kiransu. Ana haɗa su tsakanin jita da amfilifaya, mai kiɗa ya taka da ƙafa, murya ta canza. Koriyar ita ce mai amsa amo. Jar tana sa muryar jita ta yi kaushi. Baƙar kuma ta mai kaɗa bes ce, wato jita mai kaurin murya, tana daidaita masa sauti kar wani ya yi sama wani ya yi ƙasa.

Na ɗaga koriyar na ji ba nauyi. Na duba sunan kamfanin, ban taɓa jin sa ba. Na tambayi Kingsley, ya ce ta waya ya yi odarsu, 'yan China ne, kuma duka ukun ba su kai kuɗin guda ɗaya ta manyan kamfanoni ba. Yana faɗa yana murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa. Nan take daɗin da na ji a kunne ya fita daga raina.

Ku gane, ni rayuwata duka a cikin kayan araha na yi ta. Tocila mai rediyo, caja mai fitila, sifika mai batir, duk a kan bencina suke zuwa su mutu. Ina da ƙa'ida a shago: duk abin da na gyara ina ba da garantin wata ɗaya, don na lura kayan banza ba ya wuce wata bai nuna halinsa ba. Kowa a layinmu ya san wannan, kuma kowa ya san in na yi magana ba na komawa.

Da la'asar ɗin ranar Kingsley ya zo gida, cikin farar shadda da aka goge ta har tana ɗaukar ido, da hula wadda ba ta zauna masa ba. Da ganin hular na san da magana. Liyatu ta yi gwaten acca da yakuwa, ta zuba masa a kwanon tangaran ɗin da ba ta fito da shi sai fasto ya zo. Becky tana bakin ƙofar kicin da atamfa shuɗiya, wai tana tsince shinkafa, shinkafar da ba ranar za a dafa ba. Bayan ya ci ya wanke hannu, ya sauko daga kujera ya ce yana neman izini magabatansa su zo daga Zonkwa.

Maimakon in amsa, sai na ɗauko zancen feda. Na ce mutumin da zai kwashi tarkace uku maimakon ya daure ya sayi abu ɗaya mai kyau, haka zai tafiyar da gidansa.

Bai yi fushi ba. Ya ce ya yi wata uku yana sauraron gwajinsu a waya kafin ya saya. Ya ce jikinsu ƙarfe ne ba roba ba, kuma ya taɓa riƙe mai tsadar a Kaduna, ya san ta fi, amma bambancin sai a situdiyo ake jin sa, da abin saurare a kunne. Ya ce da ya jira mai tsada, da har yanzu mai bes bai da komai a ƙafarsa.

"Baba, sifikun cocinmu fa sun girme ni," in ji shi. "Ko ta miliyan na saka musu, da muryar tsufansu za su amsa."

Liyatu ta yi dariya, Becky ma ta yi, ta rufe baki da gefen zane. Dariyar nan ce ta tunzura ni. Na ce to shi ke nan, koriyar nan in ta yi wata ɗaya daga yau tana aiki, ya turo su. In ta mutu, ya bar maganar sai baɗi, in muna raye.

"Baban Becky, 'yarka ce fa, ba rediyo ba ce da za ka ɗaura mata garanti," in ji Liyatu.

Na ce na gama magana. Kingsley ya ce ya yarda. Daga baya na ji har ya kira babban kawunsa, wani dattijo mai suna Didam, tsohon hedimasta, ya ce su shirya zuwa ranar Asabar ɗin da ke bayan cikar watan.

Lahadi uku ina zama a layin gaba ina kasa kunne, feda ba ta ko yi tari ba. Becky kuwa ta sayo kalanda ta rataye a falo, wai don ranakun gwajin waƙa, amma kowace safiya sai na ga an soke rana ɗaya da jan biro.

Ranar Laraba, kwana na ashirin da huɗu, ina buɗe shago sai ga Kingsley a kan babur da kayan aiki, riga mai dogon hannu da katin ofis a wuya. Ya ciro koriyar daga jaka ya ajiye a kan benci. Ya ce jiya a wurin gwaji in waya ta motsa sai sauti ya yanke ya dawo. Ya ce ya san akwai masu gyara a kasuwa da za su yi masa ba wanda ya ji, amma ya ga bai dace ba. In wannan ya isa a ce ta mutu, to ni zan yanke. Na girgiza ramin da waya ke shiga, na ji yana rawa. Dalma ce kawai ta saki, aikin minti biyar. Na ce ya dawo in an tashi daga aiki. Adaftarta bai zo da ita ba, tana coci, don ita ce ke ba duka ukun wuta.

Da ya tafi na ce bari in kunna in ji da kunnena kafin in kwance. Na duba jikinta, an rubuta bolt tara. Na zaro wata adafta ta rediyo daga kwali, ita ma bolt tara, bakinta ya shiga daidai kamar don ita aka yi shi. Na soka a soket. Fitilar ba ta kama ba. Sai wani ɗan ƙara, tas, sai wari.

Malam Jaji tela, wanda shagonsa ke manne da nawa tun kafin a haifi autarsa, ya leƙo da almakashi a hannu.

"Injiniya, yau kuma wa aka kashe?"

Na ce kayan China ne, ya koma kan kekensa. Ya ce shi dai ya san warin nan, in ya tashi daga shagona mai kaya yakan tafi da haƙuri a leda.

Na juya fedar na sa tabarau. A gefen ramin wuta akwai wani ɗan zane ƙarami, da'ira da ɗigo a tsakiya, da alamar negatif tana nuna ɗigon. Ga wanda ba sana'arsa ba ce: bakin kowace adafta yana da tsakiya da baya. A yawancin na rediyo da dikoda, wutar fozitif ce a tsakiya. Masu feda kuwa a juye suke yin tasu, negatif ce a tsakiya. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma wannan zanen na fi shekara talatin ina karanta shi, har duka na sha a kansa a wurin maigidan da ya koya min aiki a Bukuru. Ranar dai ban duba ba. Na ga tara da tara, na ce me ɗan akwatin nan zai koya min. Wuta na ba ta a juye, na ƙona ta da hannuna.

Ga inda za ku fara zagin. Tun ƙarfe tara na safe na san gaskiya, kuma Kingsley bai dawo ba sai huɗu da rabi. Ina da yini guda na yi tunani. Da ya zo na tura masa ita a kan benci, na ce ina kunna ta ta yi hayaƙi, dama na faɗa masa. Ya ɗauka ya shinshina, ya juya ta, ya daɗe yana kallon gefen nan.

"Baba, da wace adafta aka gwada?"

"Ni za ka koya wa adafta? Ina wannan aikin kana cikin zanen goyo."

Ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Ya ajiye ta, ya ce in bar ta a cikin kayan gyara ko wani abu nata zai yi amfani. Ya gaida Malam Jaji, ya hau babur ya tafi.

A gida na faɗa musu a taƙaice. Liyatu ta dube ni ta ce ashe na samu abin da nake so. Becky ta tashi ta shiga kicin. Ta kawo min tuwo da ruwan wanke hannu kamar kullum, ta cire kalandar daga bango ta naɗe. Na ce a raina shekara ɗaya ce, ba mutuwa ba ce, za ta wuce. Kuma in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba, da na ga ta wuce ɗakinta ta rufe ƙofa, wani ɓangare na zuciyata daɗi ya ji, don ɗakin zai ƙara shekara da mutum a ciki.

Ranar Juma'a da rana na dawo cin abinci, na tarar da ita a tsakar gida kusa da randa, idonta ya kumbura, waya a hannu. Ta ce in zauna in ji abin da Kingsley ya rubuto. Ta karanta min da kanta.

"Becky, ba raini ba ne, amma fedar nan ba ta ƙonewa haka kawai. Ina zaton Baba ya saka mata adaftar rediyo ne bai lura ba. Kowa yana iya yin wannan kuskuren."

Sai ta karanta amsar da ta ba shi.

"Babana bai yi makaranta kamar kai ba, amma bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan aikinsa ba. In ya ɓata abu yakan faɗa. Ka sayi tarkace ya mutu, sai ka ɗora masa? In haka kake ganinsa, ka faɗa wa kawunka ba sai baɗi ba ma, su zauna."

Ya amsa da kalma ɗaya: "To."

Ta ɗago ta dube ni, tana jira in ce ta yi daidai. Na ce ta share hawaye ta kawo min abinci. Abin da na iya faɗa ke nan. Na ci loma uku na koma shago.

Ranar Lahadi kujerar mai jita ba kowa. Mai bes ya gaya wa Liyatu cewa Kingsley ya ɗauki hutu ya tafi gida, kuma Kawu Didam ya yi fushi, ya ce su ba dangin da za a auna da abin wasan yara ba ne, ƙafarsa ba za ta taka Dutse ba. Becky ta tsaya a cikin mawaƙa da farar riga da jan ɗankwali, bakinta yana motsi, amma ni da na san muryarta ban ji ta ba.

Litinin da safe na kwance fedar. Tunda wasunku za su tambaya ko irin waɗannan na araha sun cancanci saye, ga abin da idona ya gani. Allon cikinta tsaf yake, dalmarsa ta fi ta wasu manyan rediyo da na buɗe. Aisin, wato ɗan baƙin guntun da ke yin amon, irin wanda ke cikin amfilifaya mai eko ne, ta masu wa'azi da masu kiɗan biki, na canza irinsa ba adadi, kuma yana shekaru. Inda suka rage kuɗi shi ne ramukan waya da makunnin da ake takawa. Ramukan roba ne, a jikin allon aka manna su kai tsaye, don haka duk fizgar waya a kan dalma take ƙarewa. Wanda zai taka a hankali, ya daina fizgar waya, ya riƙe adaftarta ita kaɗai, ya saya, za ta yi masa aiki. Wanda yake yawon biki gari gari yana jefa kaya a bayan mota, ya tara kuɗi ya sayi mai tsada. Har wani ɗan dayod suka saka a bakin wuta don irin wautar da na yi, shi ya ɗauki dukan ya ƙone, tare da kafasita ɗaya da ta kumbura. Sauran duk lafiya.

Na ciro dayod da kafasita daga wani mataccen dikoda na saka, na sake ɗaure ramin da dalma. Na yanke wayar adaftata na juya ta. Fitila ta kama. Ba ni da jita, sai na haɗa makirfo na ce halo. Sifika ta amsa min halo, halo, halo, har ya ɓace. Duka aikin bai kai rabin awa ba.

Malam Jaji ya shigo yana dariya, ya ce ashe matattu suna tashi a shagon nan. Ya ɗauki adaftar ya ga inda na yanke na naɗe da salatif, ya ajiye. Ya ce shi bai san wuta ba, amma ya san in tela ya juya hannun riga ya sake ɗinkawa, to da farko a juye ya ɗinka.

"Yaron nan da ya gaishe ni ranar Laraba, idonsa ja ne," ya ce. "Ni dai na faɗa maka, maƙwabci."

Na zauna na yi lissafin hanyoyin da nake da su. Ina iya cewa na yi dabara na tashe ta, in fito a gwani kuma mai yafiya, in ce su zo. Kowa zai yaba min. Amma saƙon Becky yana nan a wayar yaron, kuma duk ranar da suka samu saɓani a gidansu sai ya tuna matarsa ta kira shi maƙaryaci a kan abin da ya san gaskiya ne. Na rufe shago tun azahar ba ta yi ba, abin da ban taɓa yi ba sai ranar da aka haifi Becky.

Na same su a tsakar gida, Liyatu tana gyaran zogale, Becky tana wanki. Na ajiye fedar a kan turmi. Ban yi dogon bayani ba. Na ce ni na ƙona ta, adaftar rediyo na saka, na sani tun kafin ya dawo, kuma abin da yaron ya rubuta gaskiya ne.

Liyatu ta ajiye tiren, ta ce, "Baban Becky."

Becky ta ci gaba da cuɗa rigar da ke hannunta. Ta matse ta, ta shanya a igiya, ta gyara mata zama. Sannan ta goge hannu a zane ta juyo.

"Ranar Juma'a da na karanta maka, ka sani?"

"Na sani."

"Ka ce in kawo maka abinci."

Na ce haka ne. Na jira kuka ko faɗa, ko ɗaya bai zo ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wayarta, ta danna lamba, ta ƙara murya yadda kowa zai ji, ta miƙo min.

"Ni na ci masa mutunci saboda kai, Baba. Ba ni da bakin da zan kira shi. Kai za ka yi."

Na karɓa da hannu biyu, ban san dalili ba. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, har biyar. Na fara sa rai ba za a ɗauka ba, in samu kwana ɗaya in shirya kalmomi. Sai aka ɗauka. Ba muryar Kingsley ba ce, murya ce ta tsoho, a nutse, irin ta wanda ya saba yara su yi shiru in ya shigo aji.

"Kingsley yana gona, ya bar wayar a gida. Didam ne, kawunsa. Na ga sunan yarinyar nan. Me kuma ya rage?"

Na dubi Liyatu, ta kau da kai. Na dubi Becky, ta harɗe hannu tana kallona. Na cire hulata, ko da yake ba ganina yake yi ba.

"Ranka ya daɗe, ba yarinyar ba ce. Ubanta ne, Bot. Ɗanku bai yi ƙarya ba, ni na yi. In kana da lokaci zan faɗa maka yadda aka yi tun daga farko."

Na zaci layin ya yanke. Sai na ji ana jan kujera a kan siminti.

"Na zauna," in ji shi. "Ina jin ka."